Wa Ke Biyan Cikon Araha?

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganar gaskiya ce, sai dai ta bar tambaya guda a buɗe: idan ruwan da ya zube na wani ne fa? Mai rariya ya yarda da asararsa tun a bakin kasuwa, amma mai ruwa ba wanda ya nemi shawararsa. A kan wannan tambaya nake so mu auna wani zaɓi da ke gaban duk matashin da zai nemi abinci da kwamfuta.

Bayan na kammala hidimar ƙasa na dawo Sakkwato, na kama ɗan shago ina buga wa ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo kundin kammala digiri. Ranar da na je sayen kwamfuta, mai kanti ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya sabuwa ce fil a kwalinta, sai sheƙi take yi, irin wadda ake ƙerawa domin amfanin gida. Ɗayar ta hannu ce, baƙa, ba kwalliya, irin ta ma'aikatu, kuma ta ɗara sabuwar tsada. Na rungumi sabuwar, na sayi kujeru da rarar kuɗin, ina ganin na yi wayo.

Da watan Afrilu ya kama, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, sai ta fara mutuwa a tsakiyar aiki. Ƙurar hunturun da ta shaƙa ta toshe fankarta, ga shi tana wuni a kunne. Wata rana da la'asar ta mutu, ba ta sake tashi ba. A cikinta akwai babi huɗu na kundin wata ɗaliba, da duk gyare-gyaren malaminta, saura kwana uku ta miƙa. Mai gyara ya kwance ta, ya girgiza kai: ma'ajiyar bayananta a liƙe take da allon injin, ba ta ciruwa balle a ɗora ta a wata kwamfutar. Da na gaya wa ɗalibar, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Malam, to ni yanzu ya zan yi?” Kwana uku ta yi ba barci tana sake haɗa aikin daga tsofaffin takardunta. Rarar da na ji daɗin samu a kanti, ita ta biya ta.

Sai daga baya na fahimci inda bambancin kuɗin yake ɓoye. Kwamfutocin aiki irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook an gina su ne domin su wuni a kunne shekara da shekaru. Gangar jikin akasarinsu na da ƙarfe mara nauyi, mahaɗin murfinsu ba ya saurin ɓallewa, ana kwance su cikin sauƙi a share fanka, a sauya batir ko ma'ajiya, kayan gyaransu kuma suna samuwa. Kamfanonin Turai da Amurka kan sauya su bayan 'yan shekaru, su biyo ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja su iso Arewa. Masu araha kuwa an rage musu kuɗi ne a wuraren da ido ba ya gani, an bar sheƙin a waje. Dama da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a garin da ya yi suna da fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ratsa hamada, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, ƙasar da take bi ta kai gare su. Badukun kirki ya san fatar da zai yi wa yaro jakar wasa daban, wadda zai ɗinka majanyin sirdi da ita daban, domin idan majanyi ya tsinke ana sukuwa, mahayi ne zai faɗi, ba baduku ba.

Duk da haka, adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, kuma ba a zargin mai ƙaramin ƙarfi don ya sayi abin da aljihunsa ya kai. Ɗalibin da karatu da leƙa intanet kaɗai zai yi, idan ya ci bashi don sayen babbar kwamfuta, almubazzaranci ya yi. Ita ma ta hannun tana da nata aibin: batir kan zo a gajiye, kuma tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali da yawa daga cikin tsofaffin ba sa ɗaukar Windows 11. Sannan dole in amsa laifina na biyu: ko wace iri na saya, da na kwafi aikin yarinyar a filash, da ba ta yi kuka ba. Tsadar kaya ba ta ɗauke wa mutum nauyin kula.

Ma'aunin da na tsaya a kansa shi ne: ranar da kayan nan ya gaza, wa zai kwana da asarar? Idan kai kaɗai ne, sayi abin da ka ga dama, kuɗinka ne. Idan kuwa akwai kundin ɗalibi, ko lissafin albashin ma'aikata, ko bayanan marasa lafiya a ciki, to kayan aikinka ya shiga cikin amanar da ka karɓa, kuma tsuke hannu a kansa tsimi ne da dukiyar wani.

Na sayar da biyu daga cikin kujerun nan, na cika kuɗi na sayi baƙar kwamfutar da na raina. Kowace magariba, kafin in rufe shago, sai na kwafi aikin mutane a wuri biyu.