Shin Asara Ce A Bar Fili Ga Ciyawa Da Tsuntsaye?

Kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, akwai dajin Amurum mai faɗin wajen hekta 300, wanda aka keɓe daga noma da farauta. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, ta Jami'ar Jos, tana aiki a can, an kuma ga tsuntsaye fiye da iri 300 a wurin. Cikinsu akwai wani ɗan jan tsuntsu mazaunin duwatsu, mai cin ƙwayar ciyawa, wanda sai a 1998 masana suka tantance shi.

Magidancin da gonarsa ba ta cika masa rumbu yana da ikon tambaya: daidai ne a bar ƙasa ga furanni da tsuntsaye alhali yara suna kwana da yunwa? Tambayar tana da nauyi, kada mu raina ta.

Amsa ta fari tana cikin gonar kanta. Kabewa da kokwamba suna dogara ga zuma da sauran ƙwari masu kai ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan. Furannin jeji ne ke ciyar da ƙwarin nan sa'ad da gona ba ta fure. Wanda ya cinna wa daji wuta da rani domin gafiya ɗaya, ma'aikatansa ya kora.

Amma ko da tsuntsun nan bai amfane mu da kome ba, ba mu muka yi shi ba. Farawa 2:15 ta ɗora wa mutum aiki biyu, noma da kiyayewa. Littafin Firistoci sura 25 kuwa ya ba ƙasa hutu a shekara ta bakwai, har namomin jeji suna da rabo cikin abin da ta tsiro. Riƙon amana aka ba mu. Ramukan kuza da ke kewaye da Bukuru shaida ne na abin da ke faruwa idan mai riƙo ya ɗauki kansa mai shi.

'Yan'uwa, ba a ce kowa ya bar gonarsa ba. Amma kowane gida yana iya barin gefen gona da bakin rafi su yi fure, a jinkirta yankan ciyawa har ta zubar da iri, a kuma hana yara cinna wuta. Jikokinmu za su gāji ƙasar nan yadda muka bar ta.