Luguden Daka da Baitin Waƙa

A Sanyinna, kamar sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, injin niƙa ya rage wa turmi aiki amma bai kore shi daga gida ba. Ranar suna ko biki, in za a yi fura mai yawa, har gobe ana fito da babban turmi tsakar gida, mata biyu ko uku su kewaye shi, kowace da taɓaryarta. Wannan na saukewa waccan na ɗagawa, ta uku na jiran gurbin da aka bar mata. In hannu ya zauna sai a shiga lugude, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, ta faɗa turmi daidai lokacinta. Ba mai ƙirga musu. Amma da yarinyar da ke koyo ta yi gaggawa, ko ta ɗan makara, sai taɓare su gwabzu, gero ya watse, tsohuwar da ke can ƙuryar ɗaki, wadda ko turmin ba ta gani, ta ɗaga murya: "Ku ɗiyan ga, wa ka ɓata muna daka?"

Abu biyu nake so a lura da su. Da kunne tsohuwar ta gane ɓarnar, kuma nan take ta faɗa, yarinyar ta gyara hannu ba tare da an yi gaba ba. Su biyun nan ne nake ganin sun yi ƙaranci a waƙoƙin da matasanmu ke rubutawa yanzu.

Rubutun dai ana yin sa, har ma ya fi na da yawa. Ɗalibin sakandare, malamin firamare, matar aure a ɗakinta, kowa na da baitoci a cikin waya: na tsadar rayuwa, na 'yan bindigar da suka hana wasu ƙauyuka noma, na soyayya, na begen Annabi, na siyasa. A tura wa abokai, amsa ta dawo iri ɗaya: Masha Allah, Allah ya ƙara basira. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta gaya wa mai waƙa cewa ɗangonsa na uku ya fi na biyu tsawo. Mafi yawan masu yabon ma da ido suka bi waƙar, ba su buɗe baki sun rera ta ba.

Ido kuwa ba ya iya auna waƙar Hausa a rubutun boko. Karin waƙa ya ginu ne a kan gaɓoɓi iri biyu, gajeruwa da doguwa, da yadda ake jera su cikin ɗango. Doguwar gaɓa ita ce wadda ta ƙare da baƙi, ko take da dogon wasali ko tagwan wasali. To, boko ba ya nuna tsawon wasali, dogo da gajere duk harafi ɗaya ake rubuta musu. Ajami ya fi shi a nan, domin yana ja da alif da wawu da ya. Saboda haka ɗangwaye biyu za su iya zama daidai wa daida a fuskar waya, a zo rerawa ɗaya ya yi ɗingishi. Amsa-amo ana iya duba shi da ido, shi ya sa matasa suka fi kula da shi, har wani ya ɗauka in dai layukansa duk sun ƙare da "ba" ko "na" ya gama waƙa. Kari kuwa sai an ji.

Ƙasar nan ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Tambuwal mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ce, wanda aka san shi da waƙoƙin Larabci. Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, tana nan maƙwabtaka. Su da ɗalibansu sun karanta aruli, ilimin da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra tun ƙarni na 8, suka ɗora waƙoƙin Fulatanci da na Hausa a kan karuruwa irin su Kamil da Wafir da Mutaƙarab da Rajaz. Amma ba littafin aruli ne ya kai waƙoƙin ƙauye ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, mata jagorori da ake kira jajoji ta naɗa, suka haddace waƙoƙinta suka bi gari gari suna rera wa mata ɗalibai, wato 'yan taru. Waƙar da za ta bi ta bakin mata masu yawa haka, in tana da karaya ba za ta haddatu ba. Har yau wanda ya tashi a gidan da ake karanta Ishiriniya da Burda lokacin Mauludi, karuruwan Ɗawil da Basiɗ na cikin kunnensa ko bai taɓa jin sunayensu ba.

Akwai kuma wata hanyar nazari da magabata suka bari wadda ta fi burge ni, wato tahamisi. Mutum ya ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku a sama, ya zama ƙwar biyar, kari bai sauya ba, ma'ana ba ta kauce ba. Haka aka yi wa Tabbat Haƙiƙa: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Ba yadda za a yi ka tahamisanci waƙa ba ka shiga cikinta ka san inda kowace gaɓa ta sauka ba. Da matasa biyu a Sanyinna za su yi musayar waƙoƙi, kowa ya gwada tahamisin baiti biyar na ɗan'uwansa, da sun gano raunin juna ba tare da wani ya ce wa wani komai ba.

Mawaƙan zamanin boko ma da kunne suka yi aiki. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma a kan amon kiɗan Caji ya ɗora waƙarsa Imfiraji. Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wadda hanyar Sakkwato ke kaiwa in an wuce Tambuwal, shi ya shugabanci ƙungiyar Hausa Fasaha a Kano, kuma wanda ya ji shi yana rera waƙarsa da bakinsa ya san ba a takarda kaɗai ta tsaya ba. Mudi Sipikin ya jagoranci ƙungiyar Hikima, wadda a farkon shekarun 1970 'ya'yanta ke haɗuwa suna karanta waƙoƙinsu, ana kuma sa su a rediyo. Ba maza kaɗai ba, Alhajiya 'Yar Shehu na cikinsu. Mutanen nan ba a jami'a suka koyi waƙa ba. Daga baya ne jami'a ta zo ta tsara abin, Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Gadon Feɗe Waƙa a Kano, Abdullahi Bayero Yahya ya rubuta Salo Asirin Waƙa a Sakkwato, ɗalibai suka sami kalmomin jigo da salo da zubi da tsari. Littattafai ne masu amfani, sai dai na sha ganin wanda ya haddace matakan feɗe waƙa don jarrabawa, a rera masa karyayyen baiti ya gyaɗa kai.

Abin da ke da wuya shi ne faɗin gaskiyar. Mu mutane ne masu kara. Yaro ba ya ce wa babba baitinsa ya karye, aboki na tsoron a ce hassada yake yi, in kuma waƙar ta yabon wani mai muƙami ce kuma an riga an ba da tukuici, wa zai tsaya ƙirga gaɓa? Shi ya sa nake ganin gyaran ya fi sauƙi in ba a mai da shi hukunci ba. A zauna a zaure bayan la'asar, ko a wani aji bayan an tashi makaranta. Kada mai waƙa ya rera abinsa, domin shi ya san inda ramukan suke, zai ja wasali nan ya haɗiye gaɓa can, ya tsallake su lafiya. A miƙa wa wani wanda bai taɓa ganin ta ba. Duk inda harshensa ya sarƙe, a sa alama. In mutum na biyu ya sarƙe a wurin, magana ta ƙare, ba wanda ya zagi kowa. Dattijon da ke gefe yana iya cewa, "Ɗan nan, koma wanga wuri, ban ji shi daidai ba," shi ke nan. Sai bayan haka a shiga tambayar ko waƙar ta faɗi wani abin da ba a riga an faɗa ba, wadda ita ce tambaya mafi zafi, kuma ba a yi wa sabon shiga ita a zaman farko.

Wasu matasan za su ce su sun bar aruli, waƙarsu sakakkiya ce, ba kari ba amsa-amo, irin wadda ake tsayawa a gaban taro a zuba. Ba ni da faɗa da su, kuma na ji masu daɗi a ciki. Sai dai ita ce ma ta fi buƙatar mai saurare, tunda ba ma'aunin da zai riƙe ta in numfashin mai karatu ya yanke a inda bai kamata ba. Wanda kuma ya bar kari don ya fi ƙarfinsa, da wanda ya iya ya ajiye da gangan, ba a yin minti biyu ana sauraro ba a bambance su ba.

Sai wata ɓarna da ta shafi mutanen yankin nan musamman. Yaro ya tsara baiti a ransa da Sakkwatancin da ya sha a nono, ya zo rubutawa sai ya ji kunya, ya juye shi zuwa daidaitacciyar Hausa, ko wani mai gyara ya juye masa. "Gidanai" ta koma "gidansa". Ta farko da doguwar gaɓa ta ƙare, ta biyu da gajeruwa, ga amsa-amon ma ya tashi daga "nai" ya koma "sa". Baiti lafiyayye ya karye a hannun mai gyara. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a jarida da takardar jarrabawa, amma mawaƙan Sakkwato da Gwandu tun zamanin jihadi da karin harshensu suka yi waƙa, Kano da Zariya kuma suka haddace ta a haka. In an kawo irin wannan baiti zaure, kafin a ce a sake shi, a fara tambayar mai shi yadda ya faɗe shi tun farko.