Tsarki da Tsabta a Kan Dardumar Ulu

Tumakin da ake kiwo a Rurum Sabon Gari da sauran garuruwan Rano da Kibiya, wato 'yankasa da uda da balami, masu gajeren gashi ne wanda ba a askewa don saƙa, saboda haka duk dardumar ulu da aka gani a ɗakin amarya ko a zauren wani attajiri baƙuwa ce, ko dai tsarabar alhazai ce daga Makka, ko kuwa ta biyo ta Kantin Kwari daga Turkiyya ko Iran. Shimfiɗar da ƙasar ta gada ita ce tabarmar kaba da buzu, kuma tabarma ba ta taɓa wahalar da malamin fiƙihu ba, domin idan yaro ya yi fitsari a kanta, kwara mata ruwa ake yi a jingine ta da katanga. Darduma kuwa tana shanye abin da ya zuba mata, tana da tsada, kuma wanki marar kan gado yana kashe ta, don haka mai ita yakan tsinci kansa tsakanin wajibai biyu: tsarkake wurin salla, da kiyaye dukiya, wadda shari'a ta hana tozarta ta.

Shi kansa ulun babu jayayya a kan tsarkinsa, tun da aya ta 80 a Suratun Nahli ta lissafa gashin dabbobin ni'ima cikin abubuwan da ake yin kayan ɗaki da su. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa gashin da aka aske mai tsarki ne ko da daga mushe aka aske shi, bisa hujjar cewa rai ba ya ratsa gashi kamar yadda yake ratsa nama da fata, kuma wannan ya kawar da tambayar da wani zai iya yi game da wanda ya yanka tunkiyar a can ƙasar da aka saƙa dardumar. Buzu ne ke buƙatar wannan tambayar, domin a sanannen ra'ayin mazhabar jima ba ta mayar da fatar mushe abin yin salla a kai. Sai dai da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan ulu zaren roba ne, kuma ana gane bambancin idan aka ciro sili ɗaya daga geza aka kusanta shi da ashana: ulu yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murƙushewa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne bambancin tsabta da tsarki, abubuwa biyu da baki ya saba haɗawa amma fiƙihu ya raba. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risalar Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a shekarar 996, har zuwa Mukhtasar na Halilu, sun tafi a kan cewa ba a gusar da hukuncin najasa sai da ruwa muɗlaƙi, wato ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba ta dalilin wani abu da ba mazauninsa ba. A bisa wannan ma'auni, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ko na rafin da ya yi ja da laka a tsakiyar damina, mai tsarkakewa ne, domin ƙasar da yake kwance a kai ce ta canza shi, alhali ruwan rijiyar burtsatse garai-garai da aka kaɗa wa omo ya fita daga wannan matsayi. Ido zai zaɓi na biyun, shari'a ta zaɓi na farkon. Dalili kuwa shi ne an raba najasa gida biyu: akwai aininta, wato jikinta da ake gani ko a shaƙa, akwai kuma hukuncinta, wato siffar da ke hana salla a wurin da ta taɓa. Sabulu yana iya ɗauke aini, amma hukunci yana nan sai ruwa tsantsa ya bi ta kai.

Ulu kuma yana da tasa ɗabi'ar, wadda ba ruwanta da mazhaba. Gashi ne, daga irin sinadarin da ya yi gashin kan mutum da farcensa, kuma kowane sili yana lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna, waɗanda idan zafi da danshi da cuɗa suka haɗu a kansu sukan sarƙe da juna, dardumar ta takure ta yi tauri, kuma babu dabarar da za ta warware ta. Abubuwa masu kaifin kanwa, kamar ruwan toka da sabulun salo da yawancin garin wanki, suna cin silin suna kuma sakin rini, bilic kuwa narkar da shi yake yi ɗungurum. Mutanen Rano, da tarihin Hausa Bakwai ya san su tare da Kano da sarautar baba, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ke faruwa idan ja ya zuba cikin fari. Shi ma fitsari, idan ya kwana, yakan rikiɗe ya yi irin kaifin kanwa, shi ya sa jinkiri ya fi komai ɓarna.

Abin lura shi ne cewa sharuɗɗan da Halilu ya gindaya sun fi sauƙi a kan ulu fiye da abin da al'ada ke yi. Bai sharɗanta niyya ba, bai ƙayyade adadin wanki ba, bai wajabta matsewa ba, kuma babu inda aka ce sai da tafasasshen ruwa ko buroshi. Abin da ake nema shi ne ruwan ya ratsa wurin har ya fita bai jirkita da najasar ba, ɗanɗanonta ya gushe, launi da wari kuwa idan sun gagara an yi rangwame a kansu. Asalin wannan yana cikin hadisin balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a zuba guga ɗaya na ruwa a wurin. Saboda haka mai darduma zai fara da danna farin tsumma a kan jiƙon, ba tare da gogawa ba, har ya tsotse abin da zai tsotsu, sannan ya gwada ɗan sabulu marar kaifi a wata kusurwa don ya ga ko rinin yana zuba, ya wanke wurin da ruwan sanyi, ya bi da ruwan khal da aka sirka idan akwai zarni, daga ƙarshe ya ɗaga wurin a kan baho ya kwarara ruwa tsantsa har ya ɓulla ta baya. Wannan ɗaurayar ta ƙarshe ita ce ke ɗauke hukunci, kuma ita ce ke fitar da ragowar sabulun da, in an bar shi, zai riƙa kama ƙura.

Da yawa daga dardumomin da suka mutu a hannun masu su ba najasa ce ta kashe su ba, waswasi ne. A mazhabar Maliku fitsarin akuya da kashin tunkiya masu tsarki ne muddin dabbar ba najasa take ci ba, saboda haka ɗan akuyar da ya kutsa ɗaki ya jawo aikin tsabta ne kurum. Wanda ya yi shakka ko najasa ta taɓa shimfiɗarsa yayyafi ne a kansa, ba wanki ba, wanda kuma najasa ta samu gefen dardumarsa yana iya salla a ɗaya gefen, domin abin dubawa shi ne inda gaɓoɓinsa ke sauka. Inda Malikiyya suka tsananta shi ne fitsarin jariri namiji mai shan nono, wanda Shafi'iyya suka wadatu da yayyafi a kansa, su kuwa suka ce a wanke shi kamar na mace.

Akwai dardumar da ko ruwan sanyi yana zubar da rininta. Hanafiyya, da Ibn Taimiyya wanda ya rasu a 1328, sun ce duk wani ruwa-ruwa mai tsarki da ya kawar da ainin najasa ya wadatar, kuma a kan wannan ne masu halatta wankin da ake yi ba da ruwa ba suke dogara. Amma ko a cikin Malikiyya akwai mafita, domin wurin da aka gusar da aininsa da abin da ba ruwa muɗlaƙi ba, ba ya najasta ƙafa ko tufar da ta taɓa shi, ana iya zama a kai, kuma idan aka shimfiɗa tufa mai kauri mai tsarki a bisansa salla ta inganta. Wannan rangwamen ya fi amfani a watan Agusta, lokacin da ulu, wanda ke iya riƙe danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa hannu bai ji jiƙa ba, yakan yi kwanaki bai bushe ba, zaren audugar da aka saƙa shi a kai ya yi fumfuna ya ruɓe. Babban wanki na hunturu ne, sa'ad da busasshiyar iska ke ƙarasa aikin, a shimfiɗe a inuwa, ana juya ta ciki da bai, ba a rataye a igiya cikin rana ba.