Wutar da ba a kashewa

Da aka buɗe iyakar Illela a watan Disambar 2020, bayan fiye da shekara guda tana rufe, manyan motoci suka dawo hanyar Ƙwanni. Masu shayi biyu da ke kusa da ƙofar, Garba da Sani, suka samu kansu. Kowannensu kan kashe wuta ƙarfe goma sha ɗaya, ya tafi gida da abin cefane.

Rannan Sani ya sayi sabon babur, ko ledar kujera bai cire ba. Garba ya dubi nasa tsohon, wanda shekara shida bai taɓa barinsa a hanya ba, sai ya ga ya koma gwangwani. Daren nan bai tashi ba sai ƙarfe ɗaya. Sani ya ga direbobinsa na komawa can, shi ma ya kai biyu. Kafin wata guda, sai kiran assalatu ke tashinsu.

Direbobin kuwa ba su ƙaru ba. Itace da man janareta ne suka ninka. Wata Lahadi, ranar kasuwa, gyangyaɗi ya kwashi Garba, tafasasshen ruwa ya sale masa hannu.

Wani dattijon tasha ya kira su. "Ku yaran nan, kun taɓa zuwa kallon kokawa a Ƙwanni?"

"Mun je, Baba."

"In na gaba ya miƙe, me na baya ke yi?"

"Su ma su miƙe," in ji Sani.

"To, wa ya ƙara gani? Ƙafa kawai ta sha wuya. Kuma ba mai iya zama shi kaɗai, sai an ce kowa ya zauna."

Nan suka tafa a kan ƙarfe goma sha ɗaya. Direbobi suka koyi zuwa da wuri, ciniki bai ragu ba, barci ya dawo. Garba ya wanke tsohon baburinsa.

Ko ƙasashe kan yi irin wannan. A 2000 Faransa ta mayar da makon aiki awa 35 bisa doka, tana fatan aiki ya wadaci mutane da yawa. In ma'aikaci ɗaya ya rage da kansa, a bar shi a baya. In an rage wa kowa, ba wanda ya faɗi.

Mai karatu, kafin ka ƙara awa, tambayi kanka: buƙata ce, ko baburin maƙwabci? Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.