Zaɓen Iri a Gona da Zaɓen Iri Cikin Mutane

Manomin Illela in ya yi girbi, ya kan ware zangarniyar gero mafi kyau ya ajiye don shukar baɗi. Mai lambun albasa kuma ya kan ƙetare iyaka ta Birnin Ƙonni neman irin Galmi. Ba mai zarginsu, gama wannan hikima ce. To, amma ya halatta a yi wa 'yan Adam irin wannan zaɓe?

A ƙasar Suwidin an yi wani masani, Herman Nilsson-Ehle, wanda aka haifa a 1873. Ya yi aiki a gidan binciken iri na Svalöf. Ya aurar da jar alkama da fara, jikokinsu suka fito launi-launi, daga ja wur har fari fat. A 1909 ya bayyana cewa hali guda ya kan fito daga ƙwayoyin gado da yawa. Manoma sun amfana da iliminsa ƙwarai.

Amma sai ya ɗauka abin da ya gyara gona zai gyara al'umma. Ya goyi bayan ma'aikatar binciken jinsin mutane da aka buɗe a Uppsala a 1922. A 1934 ƙasar ta yi dokar tsayar wa wasu haihuwa. Kafin a soke ta a 1975, an yi wa wajen mutum 63,000 wannan aiki, galibinsu mata, da yawa kuwa bisa matsi. Shi ya rasu a 1949, sai a 1999 gwamnati ta amince da biyan diyya.

Ina kuskuren ya ke? Hatsi mallakar manomi ne, mutum kuwa ba mallakar ɗan'uwansa ba ne. Alkama ana aunata da mudu. Da wane mudu za a auna darajar mutum?

Kada mu ce wannan laifin Turawa ne kaɗai. Mu ma mu kan hana yaro nagari aure don ubansa mahauci ne ko wanzami, muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mun manta magabata sun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Gwajin jini kafin aure saboda ciwon sikila dabam ne, muddin saurayi da budurwa ne za su ji sakamako su yanke shawara da kansu. Aikin mai ilimi shi ne ya faɗa wa mutane gaskiya, ya bar musu zaɓinsu.