Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Mu Saurari Masu Lalurar Galahanga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) wanda ya halicci bayinsa, ya bambanta su a kama da harshe da ɗabi'a. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yar uwa mai karatu, a wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wasu yara da ke zaune a azuzuwanmu na Islamiyya da na boko, waɗanda muke kira masu taurin kai, ko mu ce iska ce ta taɓa su, alhali da yawansu lalura ce da su wadda likitoci ke kira otizim, kafofin labarai na Hausa kuma suke kira galahanga. Yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa, yana shafar magana da mu'amala da yadda mutum yake jin sauti ko haske. Bincike ya nuna gado yana da babban tasiri a ciki, kuma allurar rigakafi ba ta haddasa shi. Tun daga 2008 ake tunawa da masu wannan lalura a ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara, bisa matsayar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Bari in fara da laifin kaina. Na taɓa yin wani ɗalibi ɗan kimanin shekara 8, wanda da zarar aji ya ɗauki karatu baki ɗaya sai ya toshe kunnuwansa ya shige ƙarƙashin benci. Zango biyu ina yi masa bulala, a ganina raina Alƙur'ani yake yi. Wata rana bayan an tashi, aji ya yi tsit, na zauna kusa da shi na tambaye shi a hankali me ke damunsa. Ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce: “Malama, karatun yana cizon kunnena.” Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe duk tsawon lokacin nan ciwo yake ji, ni kuma ina ƙara masa wani. Na tambayi mahaifiyarsa, na tambayi shugabar makaranta, amma ban taɓa tambayar shi mai abin ba.

To 'yar uwa, wannan sakaci ya saɓa wa koyarwar Manzon Allah (SAW). Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) labarin wata mata mai ɗan rauni a hankalinta, wadda ta zo ta ce tana da buƙata a wurin Annabi (SAW). Bai tura ta wurin wani ba, bai ce a kira waliyyinta ya yi magana a madadinta ba. Ya kira ta da alkunya, ya ba ta zaɓin inda take so su tsaya a hanyoyin Madina, ya tsaya da ita har ta gama faɗin buƙatarta. Haka nan kin san farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), makaho da ya zo neman ilimi. Darasin a fili yake, mai lalura yana da haƙƙin a saurare shi da bakinsa.

Alhamdu lillahi, a yau akwai manya masu galahanga da suka yi karatu suka bayyana wa duniya abin da suke ji. Daga cikinsu akwai Temple Grandin, wata Ba'amurkiya da aka haifa a 1947, wadda ba ta fara magana ba sai da ta haura shekara 3, amma ta zama farfesa a fannin kimiyyar dabbobi. Ta bayyana cewa ƙarar ƙararrawar makaranta ciwo take yi mata a kunne, kuma da hotuna take tunani fiye da kalmomi. Akwai kuma Damian Milton, wani masani a Ingila, shi ma mai galahanga, wanda a 2012 ya jawo hankali cewa rashin fahimta ta ɓangare biyu ce: yadda suke shan wahalar gane mu, haka mu ma muke kasa gane su, sai dai su kaɗai ake ɗora wa laifi.

Me muka koya daga irin waɗannan bayin Allah?

Na farko, hayaniya tana cutar da da yawansu. Ki zaunar da yaron a gefe kusa da ƙofa, ki ba shi damar fita ya huta idan abin ya yi masa yawa, ki karɓi haddarsa shi kaɗai bayan aji ya lafa. Haka na yi wa ɗalibina, kuma kafin shekara ta zagayo ya haddace izu biyu.

Na biyu, rangajin da suke yi ko kaɗa hannu, sun ce shi ke kwantar musu da hankali. Abin mamaki, mu da muka tashi muna rangaji a gaban allo, mu ne kuma muke dukan yaro don ya yi rangaji! Matuƙar ba ya cutar da kansa ko wani, ki ƙyale shi.

Na uku, da yawa sun ce kallon ido yana hana su fahimtar magana. Don haka ki daina cewa “kalle ni in ina maka magana”. Dama a tarbiyyarmu sunkuyar da kai ladabi ne.

Na huɗu, sukan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. Idan kika ce “yau sai na yanka ka”, yana iya kwana yana jiran wuƙa. Ki yi magana gajera kuma a fili. Idan za a canza malama ko aji ko lokacin tashi, ki sanar da shi tun da wuri, domin canjin bazata yana rikita su ƙwarai.

Na biyar, abin da yaro ya ƙwallafa rai a kansa ƙofa ce ta karantar da shi. Grandin ta sha yaba wa wani malaminta na kimiyya wanda ya bi da ita ta abin da take so, maimakon ya hana ta. Idan yaronki lissafi yake so, ki fara da adadin surori da ayoyi.

Sai dai ki sani ba duka suka zama ɗaya ba. Wani yana da surutu, wani ba ya magana sam, wani yana buƙatar mai kula da shi tsawon rayuwa. Wanda ba ya magana ki tambaye shi ta hoto ko nuni ko rubutu, kuma ki kiyaye harshenki a gabansa, don rashin magana ba rashin ji ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

Ina kira ga shugabannin makarantunmu da rassan ƙungiya, idan za a shirya bita ga malamai, a nemo manya masu wannan lalura a ba su abin magana, tare da iyaye da likitoci. A daina korar irin waɗannan yara, domin dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi, kuma addininmu ya riga ta. Iyaye kuma mu dage da addu'a, mu haɗa da zuwa asibiti, mu guji kai yara inda za a ɗaure su ana duka da sunan cire aljanu.

'Yar uwa, kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye mu a kan abin da aka ba mu kiwo. Gobe idan kin shiga aji, ki duba yaron nan da ke zaune shi kaɗai, ki jira a tashi, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi.

Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.