Motar da Za Ta Dawo Fanko

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana cinikin mota a Dawanau, ko a kasuwar albasa ta Aliero, ya san direban tirela ba ya fara tambayar nisa. Nisa ya san shi kamar yunwar cikinsa. Abin da yake son ji shi ne inda za a sauke. In ka ce Legas, sai ya yanka kuɗi. In ka ambaci wani gari da bai kai Legas nisa ba, amma babu masana'anta babu tashar jirgin ruwa, sai ka ji ya ɗora. Mai kaya ya ce, "Haba direba, ai nan ya fi kusa." Shi kuwa ya ce, "Alhaji, in na sauke me zan ɗauko?"

Rabin lissafin yana cikin wannan tambayar. Tirela tana ɗaukar tan 30, wato buhu 600 na siminti, kuma tsakanin Kano da Legas akwai kusan kilomita 1,000. To amma motar ba ta je zama ba, dole ta juyo. Man dizal na juyowa, da tayar da kwalta za ta ci, da abincin direba da yaransa, da balas ɗin mai mota, duk suna nan, da kaya ko ba kaya. In ta sami lodin gishiri ko fulawa ko manja, masu kaya biyu sun raba nauyin tafiyar. In ba ta samu ba, wanda ya yi lodin zuwa shi ya biya har na dawowa, ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa hanya ɗaya take da farashi biyu. Da kaka, ko gab da babbar Sallah da kowa ke neman tura raguna kudu, kuɗin gangarawa yakan hau, na hawowa kuma ya yi sauƙi, don direba ya gwammace ya karɓi abin da ya samu ya koma inda ake rububinsa.

Magabatanmu sun riga mu sanin haka. Fataken Gwanja ba sa kora jakuna wayam zuwa Salaga. Sukan ɗaura kanwa da fatu da tufafi, su sayar a hanya, su juyo da goro. Ayarin raƙuman da ke tashi daga Abzin ya keta Tenere zuwa Fachi da Bilma gero yake kaiwa, ya komo da kantun gishiri da dabino. Madugun da ya bar dabba ta yi rabin tafiya ba kaya ya san a gida zai ji a jikinsa.

Manyan jiragen ruwa ma ba su tsira ba. A 2021, lokacin da annobar korona ta hargitsa tashoshin duniya, kuɗin kai kwantena mai ƙafa 40 daga Shanghai zuwa Rotterdam ya haura dala 10,000, alhali komawa ta wannan hanyar bai kai dala 2,000 ba. Teku ɗaya, nisa ɗaya. Dalili shi ne China tana fitar da kaya fiye da abin da take karɓa cikin kwantena, kuma kwantenonin da aka sauke sun maƙale a Turai da Amurka. Har ta kai kamfanoni suna kwashe su fanko su mayar Asiya da gaggawa, maimakon jiran manomin Amurka ya cika su.

Akwai sauran abubuwa, kuma ba su da wuyar ganewa. Katifa ba ta da nauyi amma tana cinye wuri, rodi kuwa yana gajiyar da mota tun cikinta bai cika ba, saboda haka ake caji da wanda ya fi yawa, nauyi ko girma. A jirgin ruwa mita ɗaya ta tsawo da faɗi da tsayi ana lissafa ta daidai da tan ɗaya. Kayan gwari sun fi hatsi tsada, domin tumatirin Kadawa ba ya jira, direban da ya ɗauke shi ba shi da barcin kirki sai ya isa. Sai man dizal, wanda a 2022 ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kwanaki. Mai mota ba kilomita kaɗai yake sayarwa ba, ranakun motarsa yake sayarwa. Motar da za ta iya yin sawu uku a wata, in aka riƙe ta mako guda a layin shiga Apapa, ko tana jiran 'yan dako a kasuwa, sawu biyu za ta yi, kuma waɗannan biyun su za su ɗauki albashi da gyara da bashin da aka sayo ta da shi. Kowane rami da ya sa aka rage gudu, kowane shinge da aka tsaya ana kawo takarda, ana kawo na goro, yana shiga cikin kuɗin buhu. 'Yan Nijar sun ɗanɗana wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Gaya da Malanbil, hanyar da kayan Kwatano ke bi. Aka koma Lome, a ratsa Burkina Faso, inda motoci ke taruwa suna jiran rakiyar soja kafin su tashi cikin ayari. Ƙarin nisan bai kai ƙarin jiran ciwo ba, kuma uwar gida a Yamai da Maraɗi ita ta biya shi a mudun shinkafa. Haka aka yi a ƙarshen 2023 a Bahar Maliya, da jirage suka guji mashigin Suez saboda hare-haren 'yan Huthi, suka zagaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu, tafiyar ta ƙaru da kimanin kwana goma.

Abin lura a nan ya wuce tirela. Mu mutane mukan auna wahalar wani da ɓangaren da idonmu ya gani. Ka hau babur zuwa bayan gari, ɗan acaɓa ya faɗi kuɗi, ka ce ya cika son banza, ka manta kai ka isa gida, shi kuwa zai juya shi kaɗai cikin duhu babu fasinja. A kira makanike ƙauye ya tada injin ban ruwa, ya gama cikin rabin sa'a, a ba shi ladan rabin sa'a, alhali wuninsa ya tafi kuma garejinsa a rufe. A aiki yarinya unguwa mai nisa da kuɗin mota na zuwa kawai. Wannan yana damuna ƙwarai, domin galibi masu irin wannan aiki ba su da bakin jayayya. Direban tirela yana da ƙungiya da ɗan kamasho da zai tsaya masa. Almajirin da ya ɗauko miki kaya daga kasuwa ba shi da kowa, abin da kika miƙa masa shi zai karɓa ya ce an gode. Ba ina wanke masu mota ba ne, akwai masu tsuga kuɗi in sun ga mutum a matse. Amma kafin a kira mutum azzalumi, ya kamata a tambayi yadda zai koma.

Ƙasa ma tana biyan irin wannan kuɗi. Kwantenoni da yawa da ke shigo mana da yadi da kayan gyara da na lantarki fanko suke fita, kuma kamfanin jirgi ya riga ya sa wannan cikin abin da ɗan Kantin Kwari ya biya. Ga shi kuwa muna da abin cika su: riɗi, da zoɓo, da citta, da ƙaro, waɗanda ake nema a Japan da Turkiyya da Meziko. A watan Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, don a riƙa kammala takardun kwastam a Kano maimakon Legas. Amfaninta na gaskiya zai bayyana ne in kwantenar da ta kawo atamfa ta koma da riɗin Jigawa, a kan layin dogo, cikin kwanakin da ɗan kasuwa zai iya lissafawa tun kafin ya biya manomi.